Mapul ko mangwaro: wanne ya fi dacewa da lambu?

Sabon Mai Lambu: Assalamu alaikum. Gurbin bishiya ɗaya tak ya rage a lambuna, kuma na rasa zaɓi tsakanin mapul, wadda jan ganyenta yake burge ni, da mangwaro. Ina neman shawararku.

Tsohon Manomi: Wa alaikumus salam. Yanayin wurinka ne zai raba gardama, domin mapul tana bukatar sanyin hunturu ta zubar da ganye ta huta, alhali ƙaramin mangwaro yakan ƙone idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0.

Uwar Lambu: Idan ƙasarku mai zafi ce, ɗan'uwa, ka dasa mangwaro mai aure. Nawa ya fara 'ya'ya a shekara ta 4, kuma inuwarsa ba ta yankewa rani da damina. Sai dai ka nisanta shi da katanga, saboda saiwoyinsa.