Ɗalibina ba ya iya nutsuwa ko minti 5, ya zan yi?

Salam malamai. Ina yi wa wani yaro lesin a Gwammaja, shekararsa 10, yana da larurar ji, na'ura yake sawa kuma bakina yake kallo ya gane magana. Ko minti 5 ba ma yi sai ya kau da kai, da ya daina kallona kuwa duk abin da na faɗa ya bi ruwa. Na rage lokacin, na kashe talabijin, na gwada katin hotuna da alawa, sai ya koma alawar kaɗai yake jira. Bayan magariba muke yi, a gajiye yake dawowa daga Islamiyya. Wallahi yaron na da ƙwaƙwalwa, lissafi nan da nan yake ɗauka. Don Allah wace dabara ce za ta riƙe hankalinsa a kan karatu ba tare da tsawa ba?