Shafin yaƙin Mbormi: a bar ƙurar ko a share ta?

Mai zane, Bajoga:
Salamu alaikum. Ga shafi biyun da na sha wuya a kansu cikin labarin zanen yaƙin Mbormi, wanda rundunar Turawan mulkin mallaka ta yi da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru a 1903. Na cika su da ƙura da hayaƙi, dawakai da mutane sun cakuɗe, ba akwatunan da suka raba hoto da hoto. Da gangan na yi. Maganata ita ce duk zanen yaƙin da mai karatu ya gane komai dalla-dalla ƙarya ne, domin yaƙi ba ya da tsari.

Malamar tarihi, Pantami:
Wa alaikumus salam ƙanena. Hannunka ya faɗa, amma ban yarda da maganar ba. Na ba ɗalibaina uku shafin, na ce su nuna mini ganuwa, su nuna mini su waye ke ciki, su waye ke waje. Ba wanda ya iya. Ɗaya ma ta ɗauka mutanen Sarkin Musulmi ne suka kawo harin.

Mai zane:
To ai abin da nake so ke nan, Malama. Su ji ruɗewar da mutanen suka ji.

Malamar tarihi:
Ruɗewar da suka ji ba ta mai tsoro ba ce, ta mai neman inda zai fara karatu ce. Sun juya shafin cikin daƙiƙa biyar.

Baba tsohon soja, Tudun Wada:
Ku bar ni in sa baki. Ina cikin waɗanda suka je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990. Yaron nan bai yi ƙarya ba. Ranar da aka fara buɗe mana wuta a bakin wata gada, wallahi ban ga wanda ke harbin ba. Abin da na gani shi ne bayan takalmin na gabana, da ƙasa tana tsalle kamar ana watsa tsakuwa a ruwa. Kunnena ya toshe, na yi ta ganin bakin sajan yana motsi ba na jin komai.

Mai zane:
Allah ya ƙara girma Baba. Malama kin ji ko?

Baba tsohon soja:
Tsaya ɗana, ban gama ba. Ban ga maharbin ba, amma na san gadar tana hannuna na dama, na san idan ba mu tsallaka ba waɗanda ke can ƙetare za su kwana ba harsashi. Kuma na san yaron da ke gabana, daren jiya muka raba gwangwanin kifi ɗaya. Wannan ne ya sa cikina ya ɗuri ruwa. A shafinka ban ga gada ba, ban ga yaron ba. Mutum hamsin na ƙirga, babu ko ɗaya da na ji tsoron kada ya faɗi.

Mai shagon littattafai, Tsohuwar Kasuwa:
Ni da na girma ina karanta Commando, waɗancan ƙananan littattafan zanen yaƙi da suke shiga aljihu, na fi karkata wajen Malama. Tun 1961 ake buga su a Dundee ta Scotland, baƙi da fari ne, amma ba ka taɓa ɓata. Hular kwanon Bajamushe ta sauko ta rufe wuya, ta Bature ɗan Ingila kamar faranti. Ko inuwa kawai aka zana ka san wane ne.

Baba tsohon soja:
Alhaji, na karanta su ni ma a bariki. Ba ka ɓata, gaskiya ne, amma ba ka kuma jin tsoro, don tun shafin farko ka san wanda zai koma gida. A nan ne yaron nan yake da hujja.

Malamar tarihi:
Na yarda Baba. Amma akwai wanda ya haɗa biyun. A Charley's War, labarin zane kan Yaƙin Duniya na Ɗaya da aka fara bugawa a 1979, sai da aka ɗauki makonni ana bin yaro ɗan shekara 16 da abokansa cikin rami, ana cin abinci, ana rubuta wasiƙa gida, kafin a kai ga 1 ga Yuli 1916 a Somme ta Faransa, ranar da sojan Ingila sama da 19,000 suka mutu. Wannan adadi ba ya shiga zuciya. Abokin da ka saba da fuskarsa shi ke shiga.

Kuma ƙanena, wahalarka ta fi tasu. Rundunar da ta zo Mbormi ranar 27 ga Yuli 1903 hafsoshinta ne kawai Turawa, sojan ƙasa yawancinsu Hausawa ne da Yarabawa. Fatar ɗaya, fuskar ɗaya, wasu ma harshen ɗaya. Idan ba ka raba su da hular dara da sahu a wannan gefe, rawani da riga da kwari a wancan ba, mai karatu ba shi da abin kamawa. Kuma wannan ne abin da ya fi ciwo a labarin, cewa ɗan'uwa ne ke ɗora wa ɗan'uwa bindiga. Ƙurarka ta binne shi.

Mai zane:
Wannan ta shige ni. Amma ina tsoron ya koma taswirar aji, kibiya nan kibiya can.

Yayar mai zane, Jekadafari:
Ba wanda ya ce ka yi taswira. Hoto ɗaya mai faɗi a sama ya isa: ga ganuwa, ga ƙofa, ga masallaci, ga igwa da bindiga mai ruwa daga nesa. Daga nan ka sauko ƙasa ka ruɗa mu yadda kake so. Abu ɗaya kawai, idan maharan daga hagu suka shigo, su ci gaba da zuwa daga hagu har ƙarshe. A shafi na biyu ka juya su, na ɗauka gudu suke yi.

Mai shagon littattafai:
In kuma za ka fitar da na ajami kamar yadda ka ce, ka tuna ido daga dama zai taso. Wanda ya bayyana yana kutsawa a boko zai zama kamar mai komawa baya.

Mai zane:
Ban taɓa tunanin wannan ba Alhaji. Sai dai har yanzu ina kan bakana a wuri ɗaya. Lokacin da aka shiga cikin gari, ba zan tsara shi ba. Nan gida-gida aka yi ta, ɗaruruwa suka kwanta, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi cikin mabiyansa, Manjo Marsh, kwamandan rundunar Turawan, shi ma ya mutu a ranar. Na je wurin, na tsaya tsakanin kaburburan. Ba zan iya zana wannan da layi mai tsabta ba.

Malamar tarihi:
Kada ka tsara shi. Amma ka gaya mana me ake karewa kafin ƙurar ta tashi. Mutanen nan sun baro Sakkwato tun bayan 15 ga Maris, da mata da yara da tsofaffi, gabas suka nufa, hijira suke yi. A watan Mayu an kori harin farko da aka kawo wa garin, don haka suna da dalilin sa rai. Idan mai karatu bai san akwai mata da goyo bayan ganuwar nan ba, faɗuwar ƙofar faɗuwar itace ce kawai.

Baba tsohon soja:
Ka ɗauki mutum ɗaya a ƙofar, ka ba shi alama, ko tabo ko tsagaggen hannun riga. Ka nuna mana uwarsa tana ɗaura masa laya da asuba. Sai ka ɗauki ɗaya cikin masu dara wanda ya ji ana kabbara daga cikin gari da irin muryar garinsu. Cikin hayaƙin nan naka, su biyun kawai zan nema.

Mai zane:
To Baba. Zan ƙara shafi ɗaya kafin waɗannan, in gyara gefen da maharan ke shigowa. Shafin cikin gari kuwa yana nan da ƙurarsa, sai dai tsagaggen hannun rigar zai fito a kusurwa uku. Malama, ki sake ba ɗaliban nan ran Litinin, ki ce su nemo mini shi.

Malamar tarihi:
Zan ba su. Ka turo kafin Lahadi da dare, in samu in buga a takarda.