Bauta ce ta raba Amurka, ko haɗamar fili?

Auwalu: Jama'a, ni fa ina nan kan bakata. Ba bauta ce ta kai Amurka yaƙin basasa tsakanin arewa da kudu a 1861 ba. Tun 1776 suke da bayi, kuma suka shafe shekara tamanin da ɗoriya ba su gwabza a kanta ba. Filin da suka yi ta haɗiyewa a yamma ne ya raba su.

Malama Rabi: To Auwalu, filin nan me ake faɗa a kansa? Duk yankin da ya shigo hannunsu, tambaya ɗaya ake yi: za a shiga da bayi ko ba za a shiga ba? Ka cire bauta, sai ka ga ba sauran abin rigima.

Auwalu: Amma Malama, da ba a sayi yankin Luwiziyana daga Faransa a 1803 ba, ina za a yi wannan tambayar? Dala miliyan 15 kacal, ƙasa ta kusan ninka kanta.

Malam Ɗanjuma: Ku dakata, ku duka kun taɓo gaskiya amma kun tsallake majalisar dattawa. Kowace jiha kujera biyu take da ita. A 1819 jihohin bayi 11 ne, marasa bayi 11. Da Misuri ta nemi shiga da bayinta sai hankali ya tashi, domin duk wanda ya samu rinjaye shi zai riƙe wuƙa da nama. A 1820 aka sasanta: Misuri ta shiga da bayi, aka yanko Main daga Masachusets ta shiga ba bayi, aka ja layi a taswira aka ce daga nan zuwa arewa babu bauta a sauran filin Luwiziyana. Wannan faci ya riƙe su shekara talatin da huɗu.

Sagir: Malam, ku yi mini afuwa, amma kowa na maganar raba, ba mai maganar haɗa. Audugar da bayi ke tsinka a Misisipi da Alabama ina take zuwa? Masaƙun Lowel a arewa, da Ingila. Bankunan New York ne ke ba masu gonaki bashi. Arewar da ake wankewa yau ta ci riba sosai. Kuma filin audugar ma na wa? Dokar 1830 ta Shugaba Andrew Jackson ce ta share hanyar korar 'yan asalin wurin irin su ƙabilar Cherokee daga ƙasarsu.

Auwalu: Yauwa Sagir. Kenan bauta haɗa su ta yi, fili ya raba su. Magana ta dawo wurina.

Malama Rabi: Ba ta dawo ba. An hana shigo da bayi daga waje a 1808, amma zuwa 1860 sun kusan miliyan 4. Mutane kusan miliyan ɗaya aka sayar daga irin su Bajiniya zuwa can kudu, a raba uwa da ɗanta a kasuwa. Mai irin wannan haja dole ya nemi sabon fili. Shi ya sa 'yan kudu suka matsa a karɓi Texas a 1845, yaƙi da Meziko ya biyo baya.

Malam Ɗanjuma: Sannan dokar Kansas da Nebraska ta 1854 ta goge layin can, aka ce mazauna su zaɓa da kansu. Sai kowane ɓangare ya kwararo mutanensa da bindigogi. An zubar da jini a Kansas tun kafin yaƙin.

Auwalu: Duk da haka Abraham Lincoln bai ce zai 'yanta bayin kudu ba a zaɓen shugaban ƙasa na 1860 da ya ci. Cewa ya yi kada bauta ta bazu zuwa sabon fili. Fili dai, Malama!

Malama Rabi: To je ka karanta takardar ɓallewar jihar Misisipi daga Amurka ta Janairun 1861. Tun a farkonta suka faɗa da bakinsu cewa matsayinsu ɗaure yake da bauta. Kai za ka fi su sanin dalilinsu?

Auwalu: Turo mini ita in gani.