Ɓeraye sun mamaye ɗakin ajiyarmu, ina fargabar zazzaɓin Lassa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, musamman daga ma'aikatan lafiya.

Tun bayan girbi muka zuba masara da gero a ɗakin ajiya na bayan gida, ga kuma garin kwaki buhu biyu. Yanzu kullum da safe sai mun tarar da kashin ɓera a kan buhunan, har cikin garin. Abin da ke hana ni barci shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana zubar da ita ta fitsari da kashi, kuma da rani ta fi yaɗuwa. Ga mai ɗakina tana da juna biyu, cutar kuwa ta fi yi wa masu ciki illa.

Na ɗana tarko, na toshe ramuka da siminti, na kawo kyanwa. Guba ce kawai ban sa ba, saboda yara da kaji. Kwana biyu sai su dawo.

Hatsin da za a surfe, a wanke, a tuƙa tuwo da shi, zafin wuta zai kashe ƙwayar? Garin kwakin fa, da yara ke jiƙawa su sha ba dafuwa, zubar da shi zan yi? Sannan yaya zan share kashin ba tare da na shaƙi ƙurarsa ba? Allah ya saka da alheri.