Frank ko Back to Black, wanne zan fara ji?

Dan_Gidan_Kiɗa: Jama'a don Allah wa ya san album ɗin mawaƙiyar Birtaniya Amy Winehouse ɗin nan Frank, wai jazz ne ko soul ne?

Uwar_Biyu: Duka biyun ne ɗan'uwa, na 2003 ne kuma shi ne na farkonta, yawancin waƙoƙin da hannunta a rubutun, ka saurari yadda take jan murya tana ɗan makara a bayan kiɗan kamar ba ta damu ba, to wannan salon jazz ne.

Baffa77: Ni dai Back to Black na 2006 ya fi min, can soul ya fi yawa, ga ganguna ga ƙaho, lambobin yabon waƙa na Grammy har biyar ta kwasa a 2008.

Uwar_Biyu: Haba Baffa, kyauta daban daɗi daban ai. Fara da Frank kawai.