Shin mayar da manhajar Python zuwa .exe yana kare lissafin da rassa ke aikowa?

Ɗan Jekadafari, Gombe:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta wata ƙaramar manhaja da Python domin wani kantin magani mai babban shago a cikin garin Gombe da rassa a Kumo, Bajoga da Dukku. Da yake intanet ba ta zama a wasu rassan, kowane reshe yana fitar da lissafin cinikinsa na rana a cikin fayil, a kawo a filashi ko a turo ta WhatsApp, sannan kwamfutar babban shago ta karanta ta haɗa. Da pickle, wato hanyar Python ta ajiye bayanai, nake adana fayil ɗin, domin yana ɗaukar bayanai yadda suke ba sai na sake tsara su ba. Niyyata in dunƙule manhajar da PyInstaller ta zama .exe, wato fayil ɗin da Windows ke gudanarwa kai tsaye, in saka mabuɗin sirri a cikin kod ɗin don kada a taɓa lissafin a hanya. Shin wannan ya wadatar?

Injiniyan Yelwa, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bai wadatar ba, kuma babbar matsalar ba ta ma kai ga .exe ba tukuna. Fayil ɗin pickle jerin umarni ne da Python ke bi ɗaya bayan ɗaya domin sake gina abin da aka adana, kuma daga cikin umarnin akwai wanda ke cewa a ɗauko aiki kaza a gudanar da shi. Duk wanda ya san yadda __reduce__, wanda ke gaya wa pickle yadda zai sake gina abu, ke aiki zai iya ƙera fayil cikin layuka kaɗan, wanda da zarar ka kira pickle.load zai gudanar da os.system, mai bai wa kwamfuta umarni kai tsaye, da duk abin da ya ga dama, tun kafin manhajarka ta duba ko lissafin da ke ciki daidai ne. Jagorar Python da kanta ta sa gargaɗi a saman shafin pickle cewa kada a buɗe wanda ba a amince da tushensa ba, kuma fayil ɗin da ya kwana a filashin da ke yawo daga hannu zuwa hannu tsakanin Dukku da Gombe ba shi da tushen da za a amince da shi.

Batun PyInstaller kuwa, ba ya mayar da kod ɗinka harshen na'ura. Yana tattara Python ɗin kansa da fayilolin .pyc naka (kod ɗinka bayan Python ya sarrafa shi) ne cikin ƙunshi guda, kuma akwai kayan aiki na kyauta da ke kwance ƙunshin. Ko da mutum bai iya dawo da kod ɗin gaba ɗaya ba, rubutun da ka saka a matsayin mabuɗi yana nan a fili a cikin .pyc, ana karanta shi ba wahala.

'Yar Azare:

Na goyi bayan Injiniya. Malam, ka koma json, wani tsarin rubuta bayanai a fayil, domin shi ba ya ɗaukar komai sai rubutu, lambobi, jeri, ƙamus, gaskiya ko ƙarya da wofi, kuma ba shi da hanyar gudanar da umarni. Za ka ɗan wahala a wurare biyu. Kwanan wata sai ka mayar da shi rubutu bisa tsarin ISO 8601 (shekara-wata-rana), kuɗi kuma ka adana shi da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, domin a Python idan ka haɗa 0.1 da 0.2 za ka samu 0.30000000000000004, kuma irin wannan ɓurɓushi idan ya taru a ƙarshen wata, mai shago ba zai saurari bayanin ka ba.

Amma json bai hana a canza 50,000 ta koma 5,000 a hanya ba. Maganin wannan shi ne hmac, hanyar sa wa fayil hatimi da mabuɗin sirri, wanda ke zuwa tare da Python. Reshe zai lissafa hatimi da tsarin lissafin SHA-256 a kan ainihin abin da ke cikin fayil ɗin, babban shago kuma ya sake lissafawa ya gwada da hmac.compare_digest kafin ya buɗe komai. Kowane reshe ya kasance da nasa mabuɗin, wanda aka samar da secrets.token_bytes(32), a ajiye shi a wajen manhajar. Ka kuma sa wa kowane fayil lambar jeri da sunan reshe a cikin abin da aka hatimce, in ba haka ba za a iya shigar da fayil ɗin jiya sau biyu, hatimin kuma ya amsa lafiya lau. Ka lura cewa hatimi ba ya ɓoye komai. Idan ba a so direba ko wani ya karanta cinikin, Fernet da ke cikin ƙunshin cryptography yana haɗa ɓoyewa da hatimi wuri guda.

Mai Gyaran Kwamfuta, Tashar Dukku:

Ni ina ganin an ɗan tsananta wa pickle, domin jagorar ma ta ambaci a hatimce shi da hmac idan ana son tabbatar da ba a taɓa shi ba. Abin da zan ƙara shi ne na wajen girkawa. PyInstaller ba ya gina wa wani tsari daban, don haka .exe sai a kan Windows za ka gina shi. Idan akwai reshen da har yanzu ke kan Windows 7, Python 3.8 ne na ƙarshe da ke aiki a kansa. Sannan manhajojin riga-kafi (antivirus) sukan tsargu da ƙunshin fayil guda fiye da wanda aka bari a jaka. Nuitka, wani madadin PyInstaller, yana fassara kod zuwa harshen C, karanta shi ya fi wuya.

Injiniyan Yelwa, Bauchi:

Gaskiya ne, Malam, amma dubi bambancin ranar da mabuɗin reshe ɗaya ya fita. Idan json ne, ɓarnar ta tsaya a lissafin ƙarya na wannan reshen. Idan pickle ne, mai mabuɗin ya samu ikon gudanar da abin da yake so a kwamfutar babban shago, inda lissafin dukkan rassa da sauran mabuɗan suke. Nuitka kuma yana ƙara wahala ne kawai, mabuɗin da ke cikin manhaja yana nan a hannun duk wanda ya kwafe ta.

Ɗan Jekadafari, Gombe:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malama, saura abu ɗaya: idan ma'aikacin reshen da kansa ne ya canza lissafin kafin a hatimce fa?

'Yar Azare:

Wannan ba aikin hatimi ba ne, Malam, domin hatimi yana shaida daga ina fayil ya fito ne, ba ya shaida gaskiyar abin da aka rubuta. Ka riƙa rubuta kowane ciniki a rumbun bayanai na sqlite3 da lambar rasit mai bin jeri, kada manhajar ta ba da damar gogewa sai dai a yi sabon layi na gyara, sannan babban shago ya riƙa gwada jimillar da ƙidayar kayan da ke kan kanta. Mabuɗin kuma kai da kanka za ka kai shi reshe ka saka, a asusun Windows ɗin da ba na mai sayarwa ba, ka canza shi duk lokacin da aka sauya ma'aikaci.