Neman shawara: gwada tankin haɗa siro a kwamfuta kafin a kira mai walda

Mai tambaya: Assalamu alaikum, ƴan uwa. Muna da ƙaramar masana'antar haɗa maganin siro a nan Damagaram, da tanki mai cin lita 500, amma idan muka auna abin da ke sama da abin da ke ƙasa, sai mu tarar ƙarfin maganin bai zo ɗaya ba. An ce mini akwai manhajojin intanet da ke nuna yadda ruwa ke juyawa cikin tanki tun kafin a taɓa ƙarfe. Shin sun dace da ƙaramin kamfani irin namu?

Wani injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sun dace, domin lissafin yana gudana ne a kan manyan kwamfutocin kamfanin manhajar, taka kuwa zane kawai take aikawa, ko wuta ta ɗauke aikin ba ya tsayawa. SimScale, wanda aka kafa a Munich ta Jamus a 2012, haka yake aiki, sai dai a tsarinsa na kyauta kowa na iya ganin zanenka. OpenFOAM, wata manhajar irin wannan lissafi, kyauta ce, amma tana buƙatar wanda ya ƙware. Abin da na fi so ka riƙe shi ne, sakamakon ya dogara ga kaurin siro da ka shigar, kuma siron da ake haɗawa a zafin Afrilu ya fi na hunturu ruwa-ruwa, saboda haka a auna kaurin a lokutan biyu.

Wani mai gyaran injina: Alhaji, kafin ka biya ko dala, leƙa cikin tankin. Idan babu faranti huɗu a tsaye jikin bangonsa, ruwan zagaye kawai yake yi, na ƙasa ba ya hawa sama. Faɗin kowane faranti ya kai kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗin tankin, faɗin farfelar da ke juya ruwan kuma kusan sulusinsa.

Wata mai harhaɗa magunguna: Na yarda da su, amma hoton kwamfuta ba ya zama shaida a wurin hukuma. Bayan gyara, dole a ɗebi samfur daga sama, tsakiya da ƙasa a kai ɗakin gwaji. Wanda kuka riga kuka haɗa kuwa, don Allah kada ya fita kasuwa, domin yara ne ke shansa.